Ƙwaƙwalwar Matashi: Jiki Ya Girma, Hankali Na Kan Hanya



Maigida, yaronka ya kai shekara 15, ya kamo ka a tsawo, murya ta buɗe, amma sai ya tafka abin da ƙanensa ba zai yi ba. Ka ce, "Wai mi ke damun yaron ga?" To, saurara.

*Girma daban, nuna daban*

Tun yaro na shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Sai dai aikin ciki bai ƙare ba. A 1999 wani likita a Amurka, Jay Giedd, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar yara da suka riƙa ɗauka suna girma. Binciken nan da waɗanda suka biyo baya sun nuna cewa ginin na farawa daga baya ya yo gaba. Sashen da ke bayan goshi, mai aikin hangen nesa, haƙuri da danne zuciya, shi ne na ƙarshe, kuma ba ya kammala sai wajen shekara 25.

Shi kuwa sashen sha'awa da neman jin daɗi, da an balaga yake tashi da ƙarfinsa. Ka ga doki ya ƙoshi ke nan, linzami bai zauna ba.

Wannan bai saɓa wa abin da malamai ke karantarwa ba. Dubi aya ta 6 a Suratun Nisa'i: ba a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai, sai an jarraba shi an ga natsuwar hankali. Balaga na ɗora masa salla da azumi, amma iya riƙon kai a hankali yake zuwa.

*Abin da aka shuka shi ke tsira*

Ka san yadda ake rage gero a rami a bar masu ƙarfi? Haka ƙwaƙwalwa ke yi a shekarun nan. Hanyoyin da ake yawan bi tana ƙarfafa su, waɗanda aka bari ta tsinke su. Shi ya sa hadda, lissafi, ɗinki ko noman albasa a fadamar Goronyo ke saurin zama a kan matashi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da kamar shekara 20 ya fara wa'azi.

Kuma shi ya sa mugun abu ma ke saurin kamawa. Yaron da ya fara shan tiramadol don ya jure aikin gona, ko sholisho da wiwi a majalisa, ya fi babba haɗarin zama bawan abin. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. A shekarar ne aka hana maganin tari mai kodin.

Sannan an gwada an gani: matashi ya fi yin ganganci idan abokansa na kallo. Gudun babur a hanyar Wurno zuwa Sakkwato, sau da yawa don idon abokai ne. Ta wannan ƙofar masu ɗaukar makami ke yaudarar samari da kuɗi da kirari.

*Me za ka yi?*

1. Barci. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Bayan balaga barcinsa kan jinkirta da dare, ba duk lalaci ba ne. A ajiye waya bayan Isha'i, a bar shi ya ɗan kwanta da rana.

2. Abinci. Wake, zogale, ƙwai, kifi da gishiri mai sinadarin aidin. Uwargida, kula da 'yan matanki: jinin al'ada na rage ƙarfen jiki, ƙarancinsa kuwa na kawo kasala da rashin fahimtar karatu.

3. San abokansa. Ka san sunayensu da gidajensu.

4. Ba shi amana daidai shi: fegi ɗaya a gona, tunkiya ɗaya, cefanen ranar kasuwa. In ya cika, ka yaba a gaban mutane.

5. Kada ka yi masa faɗa yana cikin fushi. Bari ya huce, ka kira shi gefe. Duka da zagi na koya masa ɓoyo ne kawai.

6. In ya daina magana, ya daina cin abinci, yana jin muryoyi ko yana zancen kashe kansa, a yi addu'a kuma a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin a wuce shekara 14. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware na nan kusa da mu, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kafin linzaminsa ya zauna, kai ne mai riƙe masa. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.

A tura wa sauran iyaye.