Matsalar Iyakar Girma Wajen Karanta Amsa Mai Sassa da Yawa Daga Manhajojin Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan saƙon kuskure na iyakar girma da manhaja kan bayar yayin karanta amsa mai sassa da yawa daga sabar. An ɗauki manhajar MultipartReader ta ASP.NET Core a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa sau da yawa asalin matsalar yana tattare da shingen da ke raba sassan saƙo, don haka ɗaga iyakar girma ba ya magance ta.

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Hausa a yau suna ƙara dogaro da ma'adanan intanet domin samun hotunan rubuce-rubucen Ajami da muryoyin da aka naɗa a fagen bincike. Wanda ke son kwaso ɗaruruwan fayil a lokaci guda kan bi ta ƙofar da ake kira API, wato mashigar da wata manhaja ke buɗe wa wata domin musayar bayanai. A irin wannan musaya, sabar na iya haɗa hoto da bayaninsa da rubutun da aka juya cikin amsa guda. Idan manhajar mai karɓa ta tsaya da ƙorafin cewa an zarce iyaka, aikin tattara bayanai kan tsaya cak, ko kuma a adana fayil guntu ba tare da an lura ba.

2.0 Tsarin Amsa Mai Sassa da Yawa

An shimfiɗa wannan tsari a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 2046, wadda Ned Freed da Nathaniel Borenstein suka fitar a 1996, tun asali domin wasiƙun imel. Sabar kan zaɓi wasu haruffa a matsayin shinge, tsawonsu bai wuce 70 ba, ta sanar da su a kanun saƙo mai suna Content-Type. A cikin saƙon, kowane sashe na farawa da sabon layi mai karan ɗori biyu sannan shingen. Shingen ƙarshe kuwa ana ƙara masa wasu karan ɗori biyu a bayansa. Kowane sashe yana da nasa kanun, sai layi fanko, sai abin da ya ƙunsa. Ƙa'idar ta yarda a sami ɗan share fage kafin shingen farko, ta kuma umurci mai karatu ya yi watsi da shi. A wannan share fage ne matsalar da ake magana a kanta kan ɓuya.

3.0 Inda Iyakokin Suke

Ya kamata a bambanta iyakar mai aikawa da ta mai karɓa. Lambar 413 ta HTTP sabar ce ke bayar da ita idan buƙatar da aka tura mata ta yi nauyi. Ita kuwa matsalar karanta amsa tana faruwa ne a kwamfutar mai bincike, bayan sabar ta amsa lafiya.

MultipartReader tana da iyakoki uku. Adadin kanun kowane sashe bai wuce 16 ba. Tsawon kanun bai wuce bayit 16,384 ba. Ta ukun ita ce iyakar jikin sashe, wadda mai rubuta manhaja ke sa wa adadin da ya ga dama. An kafa su ne domin kariya, kada wata sabar mai mugun nufi ko mai tangarɗa ta yi ta kwararo bayanai har ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika.

4.0 Gano Tushen Kuskure

A tsofaffin sigogin manhajar, saƙon da aka fi cin karo da shi shi ne "Multipart body length limit 16384 exceeded". Wanda ya karanta shi zai ɗauka hotonsa ne ya yi girma. Amma lambar 16,384 ta kanu ce, kuma da ita manhajar ke auna share fagen da ke gaban shingen farko. Idan shingen da aka ba ta bai dace da wanda ke cikin saƙon ba, sai ta ɗauki dukkan amsar a matsayin share fage, ta yi ta laluben shinge har ta cinye bayit 16,384, sannan ta tsaya.

Abubuwa uku ne suka fi haddasa haka. Na farko, sabar kan sa shingen cikin alamar zance, kamar yadda ƙa'ida ta tanada idan yana ɗauke da alamomi irin su ruwa biyu, sai mai rubuta manhaja ya kwashe shi tare da alamar, abin da ya kasance yana hana dacewar shingen a tsofaffin sigogin manhajar. Wannan ne ya sa misalin da Microsoft ya bayar yake amfani da HeaderUtilities.RemoveQuotes kafin miƙa shingen. Na biyu, amsar na iya zuwa a matse da gzip, a miƙa ta ba a warware ba. Na uku, abin da ya dawo na iya zama shafin neman kalmar sirri ko na sanar da tangarɗa. Idan aka ɗaga iyakar a ɗaya daga cikin waɗannan halaye, manhajar za ta karanta amsar har ƙarshe, ta sake faɗuwa da wani kuskuren na yankewar kwarara.

5.0 Hanyoyin Magancewa

Matakin farko shi ne a duba lambar amsa da Content-Type, a tabbatar amsar mai sassa ce. Sannan a buɗe bayit ɗin farko na saƙon, a gwada shingen da ke ciki da wanda aka sanar harafi bayan harafi. Sai an tabbatar da dacewarsu ne za a koma kan girma.

Idan sashen ne da gaske ya yi nauyi, a riƙa zuba shi kai tsaye cikin fayil kaɗan-kaɗan maimakon tara shi duka a ƙwaƙwalwa. A sa iyaka gwargwadon fayil mafi girma da ake tsammani, kada a cire ta ɗungurungum. Inda sabar ta yarda da kanun Range, ana iya neman babban fayil gunduwa-gunduwa, ta amsa da lambar 206. Fayil ɗin da kuskure ya katse a goge shi ko a yi masa alama, domin kada ya shiga rumbun bayanai a matsayin cikakke.

Akwai abin lura na musamman ga matanin Hausa. Iyakokin nan bayit suke ƙirgawa. A tsarin UTF-8, haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowannensu na cin bayit biyu, haka ma haruffan Larabci da wasullan da ake ɗora musu a Ajami. Saboda haka shafin Ajami mai cikakkun wasulla ya fi yadda ido ke gani nauyi. Kuma idan aka yanka matani a tsakiyar harafi mai bayit biyu, aka fassara kowane yanki daban, harafin kan lalace, kalma irin "ƙasa" ta fito da baƙuwar alama a farkonta. Mafita ita ce a haɗa bayit ɗin tukuna kafin a mayar da su rubutu, ko a yi amfani da mai fassara da ke riƙe ragowar harafi zuwa yanki na gaba.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana tsarin amsa mai sassa da yawa da iyakokin da ke gadinta. Ta nuna cewa lambar da ke cikin saƙon kuskure ita ce ke nuna iyakar da aka taɓa, kuma 16,384 kan yi ishara ga shingen da bai dace ba. Ana ba masu gina rumbunan matanin Hausa shawarar su fara da binciken shinge, su bar iyaka a wurinta, sannan su tantance haruffa masu ƙugiya da na Ajami bayan kowace kwasa.