Turmi Bakwai: Musun Fada Kafin Wasannin Ƙarshe na Ƙwallon Kwando

A farkon watan Yuni, lokacin da hadari ya fara haɗowa a Yamai amma damina ba ta zauna ba, akwai wata fada a Talladje, can kusa da hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani, da hirarta ke sauya salo. Duk shekara zancen ƙwallon ƙafa ake yi, da kokowa, da tsadar buhun shinkafa. Amma da an ce saura kwana uku a fara wasannin ƙarshe na NBA, sai 'yan basket su karɓe benci. Ba mu wuce mu biyar ba, sai dai muryarmu ta fi ta mutum ashirin.

A 2025 ƙungiyar Oklahoma City Thunder ce za ta kara da Indiana Pacers. Wani tela da ba ya rabo da fadar ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ƙungiyar da ta ci wasa 68 cikin 82, ga Shai Gilgeous-Alexander da ya fi kowa zuba maki bana, wa zai tsaya gabanta? Huɗu da babu. Ku rubuta ku ajiye." Ƙanensa, ɗalibi, ya ce, "Haba Yaya, ka manta da Pascal Siakam? Ɗan Kamaru ne fa, namu ne, kuma ya taɓa ɗaukar kofin." Ana cikin haka wani dattijo da ke kishingiɗe a tabarma, wanda kokowa kaɗai ya sani, ya ɗago kai. "Wai ku yaran nan, in an kada mutum ba shi ke nan ba? Mene ne na sake kamawa har sau bakwai?"

Aka yi dariya, amma tambayar Baba ta fi duk abin da muka faɗa a daren nan nauyi, don amsarta ce ke nuna inda yawancin masu hasashe ke kuskure.

A kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, kaye ɗaya ke raba gardama. Ko Issaka Issaka na Dosso, da ya ɗauki takobi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, in ƙafarsa ta zame aka kada shi, sai wata shekara. Dambe turmi uku ne. A wasannin ƙarshe na NBA kuwa, ƙungiyoyi biyun nan su za su yi ta haɗuwa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu. In sun yi kankankan, a kai wasa na bakwai. Wadda ta fi yawan nasara a kakar ita ke karɓar baƙuncin wasa na ɗaya da na biyu, da na biyar da na bakwai. Tsakanin wasa da wasa akwai kwana biyu ko uku, kuma ba barci ake yi a cikinsu ba. Masu horarwa na zaune gaban bidiyo suna ƙirga ta wane hannu wane ya fi son bi, daga wace kusurwa jifarsa ke shiga, wa ke saurin gajiya, wa ke saurin fushi. Dabarar da ta ci ranar Alhamis, kafin Lahadi an samo mata makari. Shi ya sa wasa na huɗu ba ya kama da na farko, ko da mutanen ba su canza ba.

To mu a fada me muke yi? Jera sunaye. Wane ya fi wane, saboda haka an gama. Da jera sunaye ake cin kofi, da Los Angeles Lakers ta 2004 ba ta sha kashi ba. Shaquille O'Neal, Kobe Bryant, Karl Malone, Gary Payton, duk riga ɗaya. Detroit Pistons, wadda a lokacin ba ta da mai suna irin nasu ko ɗaya, ta tsare su kamar ƙofar rumbu, ta cinye huɗu da ɗaya. Mutum biyar ne ke cikin fili a kowane ɓangare, minti 48 ake yi, kuma duk ɓangaren da ya karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 gare shi ya jefa. Gwani ɗaya na iya zuba maki talatin, abokan gaba su bar shi ya zuba, su toshe sauran huɗun. Tambayar da ta kamata ba "wa ya fi" ba ce. Ita ce wa zai tsare wa, kuma in gwanin ya zauna hutawa na minti shida ko takwas, wa ke riƙe gidan.

Ga Andre Iguodala a 2015. Duk kakar nan daga benci yake tasowa, ba a fara wasa da shi ko sau ɗaya ba. Da Cleveland ta wuce Golden State biyu da ɗaya, sai koci Steve Kerr ya sa shi cikin biyar na farko, ya ɗora masa tsaron LeBron James. Golden State ta ci uku a jere, kuma Iguodala aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe. Ban san fadar da ta ambaci sunansa kafin a fara ba.

Labarin da na fi so in ba masu gaggawar yanke hukunci shi ne na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda aka san shi da yin wasa da azumi a bakinsa in Ramadan ya faɗo cikin kaka. A 1995 ƙungiyarsa, Houston Rockets, ta shiga wasannin fitar da gwani tana ta shida a yammacin ƙasar, da nasara 47 kacal. Duk wadda ta haɗu da ita ta fi ta a takarda. A ƙarshe ga Orlando Magic da Shaquille O'Neal yana ganiyar ƙuruciya. A wasan farko, saura 'yan daƙiƙu a tashi, Orlando na gaba da maki uku, aka yi wa Nick Anderson keta, aka ba shi jifa ba mai tare shi. Ɗaya kawai yake buƙata ya rufe wasan. Ya jefa ta farko, ba ta shiga ba. Ta biyu, haka. Ya sake cafke ƙwallon, aka sake yi masa keta, ya sake zubar da biyu. Huɗu a jere! Kenny Smith ya jefa mai maki uku aka yi kunnen doki, a ƙarin lokaci Hakeem ya sa yatsu ya tura ƙwallon da ta dawo daga bakin kwando. Orlando ba ta sake farfaɗowa ba. Huɗu da babu aka yi mata. Wane lissafi ne zai gaya maka hannun mutum zai yi rawa sau huɗu?

Sai kuma lafiyar jiki, wadda ni a ganina ita ce rabin hasashe, amma ita muke mantawa. Kafin Yuni kowane ɗan wasa ya yi wata takwas yana tsalle yana dira a kan katako. A 2019 Toronto Raptors ta Kanada ta kara da Golden State. Shugaban Toronto a lokacin Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya, kuma a can ya fara riƙe ƙwallon kwando. Shi ya ɗauko Siakam tun ba a san shi ba, ya kawo Kawhi Leonard. Toronto ta cancanci kofinta, Siakam ma ya zuba maki 32 a wasan farko. Amma ba a ba da labarin ba tare da faɗin cewa agarar Kevin Durant na Golden State ta tsinke a wasa na biyar, jijiyar gwiwar Klay Thompson kuma a na shida. Haka a 2016: Golden State ta ci wasa 73, abin da ba a taɓa yi ba, ta wuce Cleveland uku da ɗaya, sai aka dakatar da Draymond Green wasa ɗaya saboda tarin laifuka. Ta wannan 'yar kafa LeBron ya shigo, ya zuba 41 sau biyu a jere, Cleveland ta ɗauki kofin a wasa na bakwai. Kuma wanda ya ga Milwaukee ta sha kashi biyu a jere hannun Phoenix a 2021 ya tafi ya kwanta, bai ga Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka mai iyaye 'yan Najeriya, ya rufe wasa na shida da maki 50 ba.

A nan zan ɗan ratse. Musun fada ba ya cin kuɗin kowa, iyaka wanda ya faɗi ya sayi sukari da ganyen shayi. Amma yanzu akwai samarin da ke kai hasashen nan cikin waya, su zuba jaka biyu, jaka biyar a caca, wai sun san wasa. Wanda ya tsara cacar ya fi ka alƙaluma, kuma shi ma bai san agarar wa za ta tsinke ba. Bambancinku, shi ya riga ya cire ribarsa ko wa ya ci. Ban da abin da addini ya faɗa a kanta, wanda kowa ya sani.

Abin da ke ɗan ci mini rai shi ne mun haddace benci na Indiana, amma kaɗan cikinmu suka taɓa shiga zauren wasanni na Palais du 29 Juillet kallon namu 'yan wasan. Ƙungiyar Nigelec ta nan Yamai ta shiga wasannin share fage na gasar BAL ta Afirka a 2019. Abdoulaye Harouna, ɗan Yamai, ya buga BAL ɗin da FAP ta Kamaru a 2021, shekarar da aka buɗe ta a Kigali Zamalek ta Masar ta ɗauka, sannan da AS Salé ta Maroko, sannan da ABC Fighters ta Abijan. Kano Pillars kuwa ta sha ɗaukar kofin Najeriya, ta kuma zo ta uku a gasar kulob-kulob ta Afirka a Alƙahira a 2016. Wasan ƙarshe na BAL guda ɗaya ne tak, kamar kokowa. Da Baba ya ji haka cewa ya yi waɗannan su ne masu hankali.

Tsakaninmu da gabashin Amurka awa biyar ne a wannan lokaci, don haka wasan da suka fara da dare, mu sai wajen ɗaya da rabi yake riskarmu. A daren wasan farko na Oklahoma da Indiana mun taru kan waya ɗaya da aka jingina da tukunyar shayi. Oklahoma na gaba tun daga farko har kusan ƙarshe, tela sai murmushi yake yana gyara hula. Saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, Tyrese Haliburton na Indiana ya jefa, ta shiga: 111 da 110. Ƙanen ya yi ihu har maƙwabci ya leƙo ta katanga. "Huɗu da babu" ta mutu tun a daren.

Sai da aka kai wasa na bakwai, ranar 22 ga Yuni. Haliburton ya fara da zafi, ya zuba mai maki uku har sau uku, sai a zangon farko ya faɗi yana dukan katako da hannu. Agara. Indiana ta yi ta maza har ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da maki ɗaya, daga nan ƙarfinta ya ƙare, Oklahoma ta ci 103 da 91.

Da gari ya waye tela ya ce a kawo masa sukarinsa, ai ya faɗa Oklahoma ce. Ƙanen ya ce, "Yaya, huɗu da babu ka ce, kuma ka ce mu rubuta." Ya ciro wayarsa, ashe ya rubuta ɗin. Aka kai ƙara gaban Baba. Ya saurari kowa, ya ce su raba kuɗin sukarin biyu, shi kuma a zuba masa na farko.