Zarnin Fitsarin Mage: Me Ya Sa Yake Dawowa, Kuma da Me Ya Kamata a Wanke Shi?

Duk wanda ya taɓa kiwon mage ya san wannan labarin. Ta yi fitsari a gefen kafet ko a kan katifa, an kawo omo an dirje, an yayyafa Izal, an kunna turaren wuta, ɗaki ya ɗau ƙamshi. Bayan wata biyu hadari ya haɗu, an yi ruwan farko, sai ga zarnin nan ya dawo kamar jiya aka yi. Abin haushin ma, magen ta sake komawa daidai wurin. Ba ƙazantar masu gida ba ce. Matsalar ita ce yawancin abubuwan da muke fara ɗaukowa rufe warin kawai suke yi, biyu daga ciki kuma suna da haɗari.

Me ke cikin fitsarin?

Magen gida jikar magen dajin Afirka ce, wadda ta saba rayuwa a busassun wurare. Ƙodarta ta ƙware wajen tattalin ruwa, shi ya sa fitsarin yake fita kaɗan amma da kauri. Idan aka auna nauyinsa da na ruwa, na lafiyayyar mage yakan wuce 1.035, na ɗan Adam kuwa ba kasafai yake haura 1.030 ba.

Warin iri biyu ne. Na farko daga yuriya yake. Ita kanta ba ta da wani wari, amma da zarar fitsari ya kwana, bakteriya sukan farfasa ta su fitar da amoniya, wato zarnin nan mai hawa kai da ake ji a bayan gidan tasha.

Na biyu shi ne na mage zalla. A 1953 aka gano wani sinadari mai ɗauke da farar wuta a fitsarinta, aka sa masa suna felinin. A 2003 kuma masu bincike a Japan suka gano kauksin, wani furotin da ƙodarta ke fitarwa, wanda daga baya aka tabbatar yana taimakawa wajen samar da felinin ɗin. Bayan fitsari ya fito, felinin yana rugujewa a hankali zuwa wani sinadari daga dangin da ake zuba wa gas ɗin girki don a ji idan yana yoyo. Hancinmu na kama wannan dangi ko da ɗan mitsitsi ne. Muzurun da ba a dandaƙe ba ya fi kowa fitar da felinin, don da shi yake shata iyakar yankinsa.

To me ya kawo maganar damina? Idan fitsari ya bushe, gishirinsa da ragowar sinadaran suna nan maƙale a cikin zare ko soso. Iska na yin laima sai su tsotsi danshi, bakteriya su farfaɗo, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. A tallace-tallace za ka ji ana ɗora laifin duka a kan yurik asid. Akwai shi, amma kaɗan ne, domin jikin mage yana juya mafi yawansa zuwa alantoyin, wanda ya fi saurin narkewa a ruwa.

Abubuwan da za a ajiye gefe

Bilic, irin su Hypo da Jik. Idan ya haɗu da amoniyar fitsari yana fitar da iskar kuloramin, mai sa tari, zafin ido da sarƙewar numfashi, musamman a rufaffen ɗaki ko ga mai asma. Idan aka haɗa shi da khal kuma, iskar kulorin ce ke tashi. Don Allah kar a gwada.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu fenol, irin su Izal da ruwan Dettol. Hantar mage ba ta da isasshen enzayim ɗin da ke sarrafa wannan dangi, wannan ne ma ya sa farasitamol ke kashe ta. Ta taka jiƙaƙƙen wuri, ta lashe tafinta, ya shiga jiki ke nan. Ga alama mai sauƙi: duk maganin da ya koma fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa, a yi hattara da shi a gidan da ke da mage.

Abin gogewa mai amoniya, kamar wasu ruwan goge gilashi. A hancin mage warinsa na kama da tsohon fitsari, tamkar ka rubuta mata "nan ne wurin".

Kanwa da toka. Suna da kaifin alkali, alkali kuwa ƙara sakin amoniya yake yi cikin iska. Ruwan zafi da dutsen guga su ma suna dafa furotin ya kama zare, tabo ya zauna. Turare da feshin ƙamshi kuwa kwalliya ce a kan datti.

Abubuwan da ke aiki

Na gaba-gaba shi ne ruwan wanki mai enzayim da aka yi don fitsarin dabbobi, ana samunsa a shagunan kayan dabbobi da wasu asibitocinsu. Enzayim kamar almakashi ne, yana daddatsa furotin da maiƙo zuwa ƙananan gutsattsari da ruwa zai iya ɗaukewa. Wasu an haɗa su da bakteriya marasa cutarwa da ke cinye ragowar. Wajen saye a duba abu uku: an rubuta yana da enzayim, an ce na fitsarin mage ne, kuma babu fenol, bilic ko amoniya a ciki. Ƙarfin ƙamshi ba shi ne inganci ba.

Idan ba a samu ba, garin omo mai enzayim zai rage zafi. A dama kashi 1 cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi kashi 9, a wanke, a ɗauraye da ruwan sanyi, in ya bushe a ɗan fesa sifirit. Sai dai kar a sa shi a kan ulu ko siliki, don su ma furotin ne, almakashin ba ya bambancewa.

Sai haidurojin na kemis mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Shi ne ke kai hari kai tsaye ga sinadarin farar wutan nan, ya sauya shi zuwa wanda ba ya tashi a iska. Amma yana iya koɗe launi, saboda haka a fara gwadawa a ɓoyayyen gefe.

Khal yana kwantar da amoniya, shi ke nan iyakarsa, kuma yana cin siminti da mabul. Bekin soda na tsotse danshi da ɗan wari. Haɗa su biyun wuri guda, kamar yadda ake nunawa a bidiyoyi, kumfa ce kawai: kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

Yadda ake yi

1. Nemo wurin. A kashe wuta da dare a haska fitilar duba jabun kuɗi, busasshen fitsari zai yi ɗan haske. A duba har bango da ƙafar kujera.
2. In sabo ne, a danna tsumma ya tsotse. Kar a dirza, dirzawa tura shi ciki take yi.
3. A zuba ruwan enzayim ya jiƙa har inda fitsarin ya kai. A katifa da kushin, abin da ke ƙasa ya fi tabon sama faɗi.
4. A ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalba. Enzayim ba ya aiki a bushe, don haka a lokacin hunturu ko zafi a rufe wurin da leda.
5. A tsotse, a shanya a iska da rana. Tsohon tabo kan buƙaci zagaye biyu ko uku.

Idan an riga an zuba bilic ko wani magani a wurin, a ɗauraye sosai tukuna, in ba haka ba zai lalata enzayim ɗin, kuɗi su tafi a banza. Siminti yana shan ruwa kamar tulu, don haka bayan wanki da bushewa a shafe shi da fenti. Daɓen ƙasa kuwa a kankare wurin a sake sabo. Sallaya da zanin gado a jiƙa su a ruwan sanyi da omo mai enzayim kafin wanki.

Kar a manta da magen

Mage dabba ce mai tsafta. In ta bar wurin da ta saba, akwai dalili: kwandon yashinta ya yi datti, baƙon muzuru na shigowa gidan, ko kuma ciwon mafitsara ko na ƙoda. A tanadi kwando ɗaya ga kowace mage, a ƙara ɗaya a kai, a kwashe kullum. Dandaƙa tana rage feshin fitsari sosai a wajen mafi yawan muzurai, tana kuma rage ƙarfin warin.

Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci: idan ka ga muzuru yana ta tsugunawa yana yunƙuri da kuka, fitsari ba ya fita ko yana ɗigowa da jini, mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Wannan na iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku. A bar maganar kafet tukuna, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.