Daga Tamale Zuwa Tsaunin Gambaga A Kan Keke: Hanyar Fatake Da Muka Manta

Duk wanda ya taɓa kwana a Tamale ya san keke ba baƙo ba ne a garin nan, domin har hanyarsa aka ware masa a gefen manyan tituna. Sai dai a wurinmu keke abin neman abinci ne kawai, a ɗora masa buhun masara ko jarkar ruwa a nufi kasuwar Aboabo. A ƙasar Faransa kuwa akwai hanyar keke mai tsawon kusan kilomita 900 a gefen kogin Loire, inda mutane ke kashe kuɗinsu su yi kwanaki suna zagaya tsofaffin fadojin sarakuna, masu masauki da masu abinci da masu gyaran keke na ƙauyuka suna samun na cefane.

A nan Ghana idan aka ce tsohon gini, hankalin kowa sai ya tafi bakin teku, wajen Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Alhali mu ma a Arewa muna da namu: ganuwoyin ƙasa da tsaunuka da tsofaffin zanguna, kuma akasarinsu a kan hanyoyin da kakanninmu fatake suka bi suke. Wannan ne ya sa mu uku daga gidan rediyonmu muka ɗauki kekunanmu a cikin hunturu, don mu gani da idonmu ko hanyar za ta biyu, kuma ko akwai abin da ɗan kasuwa zai samu a cikinta.

Daga Tamale zuwa Walewale ya haura kilomita 100, kuma titi ne na manyan motocin da ke kai kaya Burkina Faso, don haka ba mu yi ganganci ba, a saman mota muka ɗaure kekunan. Daga Walewale ne muka hau bayan sallar asuba, muka yi gabas zuwa Gambaga, tafiyar kimanin kilomita 50. Hanya ce ta itatuwan kaɗanya da ɗorawa da kuka, ƙasa tana ɗagawa a hankali yadda ido ba ya gani, sai cinya ce ke ba ka labari.

Gambaga tsohon zango ne. Ta nan ayarin Mosawa ke gangarowa daga Wagadugu da shanu da tumaki zuwa kasuwar Salaga su koma da goro, yayin da akasarin ayarin Kano ke bi ta Sansanne Mango da Yendi, amma duk a Salaga ake haɗuwa. A Gambaga ne kuma Turawan Ingila suka kafa hedikwatar mulkinsu na Arewa, kafin su mayar da ita Tamale a 1907. Har yau idan ka yi sallama da Hausa a bakin masallacin garin ba za ka rasa mai amsa maka ba. Wani dattijo da muka sha koko a kusa da shi ya dube mu da kekunanmu ya ce, “Samari, ku da mota ta wadata a zamaninku, me kuke nema a kan wannan wahala?” Muka ce, “Baba, sawun kakanni muke bi.” Ya yi dariya ya ce to su da jakuna suka bi, kuma ba su yi haki kamar mu ba.

Kilomita 8 ne kacal daga nan zuwa Nalerigu, mazaunin Nayiri, sarkin ƙasar Mamprusi. A gefen garin ne ragowar ganuwar da ake dangantawa da sarki Naa Jaringa take. Labarin baka na cewa da zuma da nono aka kwaɓa ƙasar ginin don ta yi ƙarfi. Mu da muka san Badalar Kano da ganuwar Zazzau, ganin farko muka gane aikin: ginin ƙasa mai kauri da aka yi don gari ya kwana da kwanciyar hankali. Amma gaskiya abin da ya rage kaɗan ne, wasu guntaye ne a tsaye cikin ciyawa, kowace damina tana cin rabonta. Tun 2019 Nalerigu ta zama hedikwatar sabuwar jihar Arewa Maso Gabas, gari yana faɗaɗa, fili yana tsada. Idan ba a ga amfanin ganuwar nan a aljihun mutanen gari ba, wata rana labarinta kawai za a riƙa ji.

Kashegari muka kama hanyar Nakpanduri, kimanin kilomita 30. Garin yana zaune ne a kan leɓen tsaunin Gambaga, wani dogon bangon dutse da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, kogin Farin Volta yana bin gindinsa ta wajen yamma. Idan ka tsaya a bakin gaɓar, za ka hango daji shimfiɗe a ƙasa har iyakar ganinka, titi yana gangarawa yana lanƙwasa. A nan ne tayar ɗayanmu ta fashe, birkin wani kuma ya saki. Mun samu mai faci, mutumin kirki, amma ba shi da tif daidai da tayar, ba shi da robar birki. Sai da muka jira aka aiko mana da su a mota, rabin yini ya tafi a banza. A zaunen nan muka fahimci cewa ga kasuwa a ƙasa ba mai ɗauka.

Daga Nakpanduri titin yana sauka zuwa Garu da Bawku, daga nan sai iyakar Togo da kasuwar Sinkase da yawancin masu karatunmu suka sani. Mu dai a nan muka juya. Rikicin sarautar Bawku ya sake tashi a 2021, an sha sa dokar hana fita, kuma a 2024 har an tare matafiya a kusa da Walewale an kashe wasu. Don haka duk mai niyyar wannan tafiya ya tambayi direbobi a tasha da 'yan uwa na zango halin da ake ciki a ranar, kada kuma ya yi tafiyar dare. Babu baƙon da zai kawo kuɗinsa inda ba zaman lafiya, kuma 'yan kasuwa ne farkon masu asara.

Hanya ta biyu, wadda muka bi a wata fitar, ta fi sauƙi ga 'yan kasuwar Paga. Daga Bolgatanga zuwa duwatsun Tongo bai kai kilomita 20 ba. Manyan duwatsu ne a ɗore kan juna, gidajen Talensi na ƙasa a tsakaninsu, kuma a nan ne mutanen suka yi wa Turawa turjiya har aka kai musu yaƙi a 1911. Wurin bautarsu na Tengzug yana saman dutsen, yana da ƙa'idojinsa, wanda bai son shiga yana iya tsayawa daga ƙasa ya kalli tsaunin. Daga Bolga kuma kimanin kilomita 40 ne zuwa Paga, inda bayan tafkin kadoji akwai sansanin bayi na Pikworo. Har yanzu ana ganin ramukan da aka fafe a jikin dutse inda bayi ke cin abinci. Can yamma a Gwollu, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Hilla Limann, akwai wata ganuwar da aka gina a ƙarni na 19 saboda hare-haren irin su Babatu, jagoran Zabarmawa wanda kabarinsa yake Yendi.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba goro da kanwa da turkuɗi kaɗai ayarin da ke bin hanyoyin nan suka ɗauka ba, har da mutane, kuma kasuwar Salaga shaida ce. Jikokin waɗanda aka sayar suna dawowa daga Amurka neman asali, musamman tun shekarar komawa gida ta 2019. Wanda zai yi musu jagora ya san tarihin, kada ya ɓoye, kada ya ƙara gishiri.

To me ɗan kasuwa zai yi? Mai keke ba kamar mai mota ba ne da zai wuce gari da gudu. Dole ya tsaya ya sha ruwa, ya ci waken shinkafa ko tuwon zafi da zabo, ya nemi wurin kwana, ya yi canjin sefa da sidi, ya sayi kwandon Bolga ko rigar fugu. Mai shagon kayan keke ya ajiye tif da robar birki da sarƙa a garuruwan kan tsauni. Mai ɗaki biyu a zango ya share ya sa gidan sauro, ai sana'ar fatoma gadonmu ce. Matashin da ke jin Hausa da Turanci da Faransanci ya koyi tarihin garinsa daga bakin dattawa. Lokacin aikin kuma sananne ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko.

Da muka dawo Tamale, masu sauraro da dama sun bugo waya suna tambayar ko da gaske akwai ganuwa a Nalerigu, cikinsu har da waɗanda ke bin hanyar duk mako da kaya. Amsarmu ita ce akwai, amma wanda ke son ganinta kada ya jira damina da yawa su wuce. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.