Idan fitilar mota ta dushe: gyaran da ke ɗorewa da na ganin ido

Ma'aikacin da ke barin Mararaba ko Kubwa da asuba, ya koma bayan Magariba, yawancin tuƙinsa a duhu yake yi. Duk da haka da wuya ya dubi fitilun motarsa, sai ranar da ya kusa kaɗe mai tsallaka titi.

Murfin fitilar motocin yanzu ba gilashi ba ne. Wata roba ce mai tauri da masana'anta ke shafa wa siririn rufi don kare ta daga rana. A hankali rufin ke cinyewa, robar ta yi rawaya, haske ya riƙa warwatsewa. Motocin Beljiyam dama da shekarunsu suke isowa, sannan su yini a rana a harabar ma'aikata. A wani gwaji da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2018, fitilar da ta dushe ta ba da kashi 22 cikin ɗari kacal na hasken sabuwa, gyara kuma ya mayar da ita kusan kashi 70.

Gyaran ba shi da wuya. Ana wanke fitilar, a manna salatif kewaye da ita don kare fenti, a goge da sanfefa ana zuba ruwa, daga mai kaushi kamar lamba 800 zuwa mai laushi kamar 2000 ko 3000, sannan a goge da man ƙyalli. A nan ne da dama ke tsayawa, saboda fitilar ta yi garau, mai mota ya biya yana murna. Sai dai gugar ta kwashe ragowar kariyar da ke jikin robar, kuma in ba a fesa sabon rufi mai kare rana ba, cikin 'yan watanni rawayar za ta dawo. Wannan ce tambayar da ya kamata a yi wa mai gyara a Apo kafin a yi ciniki. Man goge baki da ake yayatawa ba ya wuce kwalliyar 'yan kwanaki.

Wasu kan sa ƙwai mai tsananin haske a bayan dusasshen murfi, abin da ke kashe idon mai tahowa ba tare da ya haska titi sosai ba. Idan kuwa raɓa ce ta taru daga ciki, ko robar ta tsattsage, guga ba za ta yi magani ba, sai a toshe inda ruwa ke shiga ko a sauya fitilar.