BATIR A CIKIN JIRGIN SAMA: KOWA YA SAN SAƘON DA YA ƊAUKO

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

Duk Bahaushen da ya zauna Kudu ya san al'adar saƙo. Da zarar an ji wane zai tafi gida, daga Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Badun ko Shagamu, to, kafin gari ya waye ƙofar ɗakinsa ta cika da ƙunshi da kwali, wannan na tsohuwa, wancan na amarya, wancan kuma na yaro ɗan makaranta. A da can goro ne da atamfa da 'yan kuɗi a ambulan. Yanzu kuwa saƙo ya sake kama, ya koma waya da kwamfutar tafi-da-gidanka da fawa-bank, watau ɗan akwatin nan na ajiye caji. Kunya kuma ba ta barin mutum ya buɗe saƙon ɗan'uwansa, don kada a ce bai yarda da shi ba. To, a kan wannan kunya nake so mu tattauna yau, domin a mota tana iya wucewa lafiya, amma a jirgin sama tana iya jawo abin da ba a fata.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne wani ƙanen mahaifina da ya daɗe yana kasuwanci a Ikko. Ya sayi kwamfuta ta hannu, irin wadda ake kira tokumbo, don 'yarsa da ke karatu a jami'a nan Bauchi. Ya sa aka naɗe ta a kwali aka ɗaure tam da salatif, ya damƙa wa wani dattijo amininsa da zai taho Arewa ta jirgi. Dattijo ya jefa kwali cikin babbar jakarsa tare da tufafi da kwalaben turare. Wurin awon kaya aka tambaye shi ko akwai batir a jakar, ya ce shi dai saƙo aka ba shi. Aka sa ya kwance a gaban jama'a. Sai ga kwamfuta, ga wani batir na ko-ta-kwana, ga fawa-bank guda biyu, batirin da ke jikin kwamfutar kuma ya kumbura har ya ɗaga murfin ƙasa. Aka ce fawa-bank da batirin ko-ta-kwana su koma jakar hannu, kwamfuta mai kumburarren batir kuwa ba za ta hau ba sam. Da ƙyar ya sami jirgin.

Da ya iso Bauchi ya zo mini da fushi, yana cewa an tozarta shi, an mai da shi kamar mai fasa-ƙwauri. Na ba shi haƙuri, na ce, "Baba, wallahi gata aka yi maka, kai da duk wanda ke cikin jirgin nan." Ga dalilin da na ba shi, shi ne kuma zan ba ku.

YADDA WUTAR KE TASHI

Batirin da ke cikin waya da kwamfuta da fawa-bank ba irin na tocilan da rediyon da muka saba da shi ba ne. Ana yinsa da wani sinadari mai suna litiyam, wanda ke tara ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. A cikinsa akwai ɓangare biyu waɗanda ba a so su haɗu, abin da ya raba su kuwa wani ɗan shamaki ne wanda bai kai kaurin takarda ba. In batir ya sha matsa, ko ya faɗi, ko wani abu ya huda shi, ko zafi ya yi masa yawa, ko kuma tun daga masana'anta an yi shi da aibi, sai shamakin ya yage. Nan take zafi ya tashi, zafin ya haifi wani zafin, ɗaki ɗaya na batirin ya kunna na kusa da shi, sai hayaƙi mai guba, sai wuta.

Mugun halin wannan wuta shi ne ko an kashe harshenta tana iya sake tashi, muddin batirin bai huce ba. Saboda haka ake koya wa ma'aikatan jirgi su kashe harshen da abin kashe gobara, sa'an nan su yi ta kwarara ruwa har ya yi sanyi. To, wannan aiki sai da ido da hannu. In kwamfuta tana gabanka ta fara hayaƙi, cikin ɗan lokaci za a gani a yi maganinta. In kuwa tana can rumbun kaya a ƙarƙashin jirgi, an danne ta da jakunkuna, babu mahalukin da zai iya isa wurin sai an sauka.

A 2017 Hukumar Jiragen Sama ta Amurka ta yi gwaji. Ta sa kwamfuta cikin akwati tare da gwangwanin feshin gyaran gashi, ta zafafa batirin har ya kama. Ba a cika minti guda ba gwangwanin ya fashe. Sai mai karatu ya tuna abin da mu kan cusa a jaka ɗaya in za mu gida: turaren feshi, maganin sauro, man shafawa, tufafi, a tsakiyarsu kuma kwamfuta.

ABIN DA YA RIGA YA FARU

Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin gobarar jirgi ba. Ran 11 ga Yuli, 1991, jirgin da ya ɗauko alhazanmu daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan da tashinsa, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Wannan wuta daga tayoyi ta taso, ba daga batir ba, amma ta nuna mana cewa wuta a sama ba ta jiran kowa. Kafin nan, ran 19 ga Agusta, 1980, wuta ta tashi a rumbun kayan wani jirgin Saudiyya bayan ya bar Riyad. Matuƙin ya juyo ya sauka lafiya, amma duk mutum 301 da ke ciki suka rasu, hayaƙi ya riga masu ceto.

Na batir kuwa, ran 3 ga Satumba, 2010, wani babban jirgin ɗaukar kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka mutu, bincike kuma ya nuna wutar ta taso ne daga wurin da aka loda baturan litiyam masu ɗimbin yawa. Wannan da ire-irensa suka sa Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta hana ɗaukar irin waɗannan batura a matsayin lodi cikin jiragen fasinja tun daga 1 ga Afrilu, 2016. A shekarar nan ta 2016 wayar Galaxy Note 7 ta kamfanin Samsung ta yi ta kamawa da wuta, har ƙasashe da yawa suka hana shiga jirgi da ita, kamfanin kuma ya daina yinta.

Kwamfuta ma ta sami nata rabon. A watan Yuni na 2019 kamfanin Apple ya nemi a mayar masa da wasu kwamfutocinsa samfurin MacBook Pro masu inci 15, waɗanda aka sayar tsakanin Satumba 2015 da Fabrairu 2017, don batirinsu na iya yin zafi ya kama wuta. A watan Agusta hukumar Amurka ta tunatar da kamfanonin jirage cewa waɗanda ba a sauya wa batir ba kada su hau, kamfanoni a wasu ƙasashe kuma suka bi sahu. Abin lura a nan shi ne, kwamfutar da Bature ya gama yayinta ita ce ke biyo jirgin ruwa ta sauka kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Alaba, mu saya da murnar araha. Wanda zai sayi irin wannan samfuri, ya sa mai sayarwa ya duba masa lambarta a wurin kamfanin ta intanet tukuna.

Na baya-bayan nan shi ne na ran 28 ga Janairu, 2025, a filin jirgin Busan ta Koriya ta Kudu. Jirgin kamfanin Air Busan yana shirin tashi sai wuta ta ɓullo daga ma'ajin kaya na saman kujeru. Allah ya sa yana ƙasa, duk mutum 176 suka fita da ransu, amma jirgin ya ƙone. Masu bincike suka ce alamu sun nuna fawa-bank ne. Daga nan Koriya ta hana ajiye fawa-bank a ma'ajin sama tun 1 ga Maris, 2025, kamfanin Emirates kuma ya hana amfani da shi a cikin jirgi tun 1 ga Oktoba, 2025.

ME YA KAWO BAUCHI CIKI?

Wani zai ce ina ruwan Bauchi da Koriya. To, Bauchin yau ba ta jiya ba ce. Tun da aka buɗe filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Durum a 2014, alhazan jihar daga gida suke tashi. Maniyyaci kuwa da wuya ka gan shi ba waya da fawa-bank, in zai dawo kuma ga tsarabar fitila mai caji da fanka mai caji da rediyo mai caji, kowanne da batir a cikinsa.

Har ila yau Bauchi gari ne na ɗalibai. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yalwa da Gubi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka uba ya kan ga wajibi ne ya samar wa ɗansa kwamfuta tun kafin ya shiga jami'a. Ga kuma rashin tsayayyar wutar lantarki, wadda ta sa fawa-bank ya zama kamar buta, kowa da nasa. In ka zaga kasuwar Wunti za ka ga iri-iri, wani da sunan kamfani, wani ko rubutun kirki babu. Yawancin wannan kaya daga Kudu yake tahowa, wani a mota, wani a hannun ɗan'uwa mai hawa jirgi, ko ya sauka nan Bauchi, ko Abuja, ko Jos, ko Kano. Watau ku ne masu aikowa, mu ne masu karɓa.

ƘA'IDAR A TAƘAICE

Ba a hana tafiya da lafiyayyar kwamfuta ba. Abin da ake so shi ne ta kasance a jakar hannu. In tilas ta sa sai ta shiga babbar jaka, to, a kashe ta ɗungum, ba a rufe murfi kawai a bar ta tana barci ba, a kuma kāre ta daga matsa. Amma batirin da ba ya jikin na'ura, da fawa-bank, waɗannan ba sa shiga babbar jaka ko kaɗan. A riƙe su a hannu, a rufe bakinsu da salatif ko a sa kowanne a 'yar jakarsa, don kada makulli ko kwabo ya haɗa musu waya.

Sai maganar girma. A jikin batir za a ga lamba tare da haruffan Wh. Wanda bai wuce 100 ba yana wucewa. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, shi ma guda biyu kacal. Wanda ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Batirin yawancin kwamfutoci bai kai 100 ba. Fawa-bank kuwa da mAh aka fi rubuta shi, lissafin kuma mai sauƙi ne: a ninka lambar da 3.7, a raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74, ya wuce. Mai 30,000 ya zama 111, sai da izini. Mai 50,000 ya zama 185, wannan sai mota. Wanda rubutun jikinsa ya goge ko babu shi tun asali, ma'aikaci na da ikon ya hana shi.

Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake zafi ba dalili, a bar shi a ƙasa. In waya ta faɗa cikin ƙarafan kujera, kada a motsa kujerar, a kira ma'aikaci. In an ji ƙauri ko an ga hayaƙi, a yi magana nan take, ba wurin kara ba ne. In kuma a bakin jirgi aka ce jakar hannunka ta yi girma za a kai ta rumbu, ka ciro kwamfuta da fawa-bank kafin ka miƙa. Tun da kowane kamfani yana iya ƙara nasa sharaɗi, a tambaya tun wurin sayen tikiti. Matambayi ba ya ɓata.

Alhazanmu sun riga sun saba da dokar Zamzam: ba a sa shi a jaka, a gida ake karɓa. Da farko an yi ta gunaguni, yau kuwa kowa ya gane. Ta batir ma haka za ta zama.

Abin da ya rage shi ne gyaran al'adar saƙo, kuma gyaran daga mai aikowa zai fara. In za ka ba ɗan'uwanka saƙo, kada ka naɗe shi tukuna. Ka buɗe a gabansa, ka ce ga kwamfuta, ga batir, ga fawa-bank, ka kashe ta yana gani. Ka ɗauke masa nauyin tambaya, tun da ka san kunya ba za ta bar shi ya yi ba. Kai kuma mai ɗauka, in an kawo maka a naɗe, ka ce dokar jirgi ce ta sa, ba rashin yarda ba. Wanda ya ba ka amanar kwali ɗaya bai fi mutum ɗari da ke zaune tare da kai a sama haƙƙi a kanka ba.

Ita dai kwamfutar 'yar'uwata, daga baya aka sauya mata batir a Ikko, ta biyo mota ta iso Bauchi bayan mako biyu. Dattijo kuma ya huce, har ya ce daga yau ko ƙunshin kuka aka ba shi sai ya ga cikinsa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.