Me Ya Sa Ƙaramar Hukuma Ba Ta Fitowa Sai Mun Zaɓi Jiha?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon intanet a Kawo ko Unguwar Rimi don cike fom ɗin makaranta ko na tallafin karatu ya san wannan. Akwatin ƙaramar hukuma yana nan wayam, wani lokaci ma babu shi sam. Da mun taɓa akwatin jiha, jerin sunaye ya zubo, mun zaɓi Kaduna, sai ga sunaye 23 daga Birnin Gwari har Zariya. In muka koma Kano, su zama 44.

Dalilin a fili yake. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774. Da za a zubo mana su a jeri ɗaya, sai ido ya gaji kafin mu ga tamu.

Abubuwa uku ke haɗa hannu a nan. HTML ke gina akwatunan, CSS ke faɗin kamanninsu, har da umarnin a ɓoye wannan a nuna wancan. JavaScript kuma, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, shi ne maigadi. Yana zaune yana jiran mu canza zaɓi, da mun canza ya duba abin da muka ɗauka, ya fito da abin da ya dace da shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. A fom da yawa, in muka kuskure jiha muka dawo muka gyara, jerin ƙananan hukumomi kan sake farawa daga sama. Ɗan Malali da ya san ya zaɓi Kaduna ta Arewa sai ya tarar da Birnin Gwari a takardarsa, don ita ce ta farko a jeri. Gyaran irin wannan kan ci kuɗi da zirga-zirga, wa'adi kuma ba ya jira. Sannan ɓoyewa ba gogewa ba ce: abin da muka rubuta a akwatin da ya ɓace yana iya bin fom ɗin ya tafi, in mai tsara shafin bai sa a share shi ba.

Wani kuskuren kuwa namu ne, ba na kwamfuta ba. Tudun Wada tana wannan ƙetaren kogi, amma a Kaduna ta Kudu take. Rigasa kuma Igabi ce. Mu kuma duba da kyau: ta asali ake tambaya ko ta inda muke zaune?

Don haka kada mu bar wa mai shago linzami mu koma duba waya. Kafin ya tura, mu ce masa: “Malam, don Allah koma sama mu karanta tare.” 'Yan ajin kwamfuta kuma ga aikin wannan mako: ku gina fom mai jihohi biyu kacal, ku canza jiha, ku ga abin da ya faru da akwati na biyu.